Tsohuwar saniya: a riƙe ta ko a kai ta kara?

"Assalamu alaikum, Likita. Ni makiyayi ne a wani ƙauye da ke yankin Gaya. Kwanan baya ƙungiyarmu ta masu kai madara ta kira taro a firamaren garinmu, malaman dabbobi suka zo suka yi mana bayani cewa ribar kiwon madara tana ga saniyar da ta daɗe a garke. Maganar ta ɗaure mini kai, don mu ai shanunmu suna daɗewa. Ina da shanu 14. Cikinsu akwai wadda mahaifina ya bar mini, ta haihu sau 7 kuma har yanzu tana nan. Amma madarar da muke samu ba ta taka kara ta karya ba, da bazara ma kusan ƙafewa take yi. Ina da karsana mai shekara 5 da ba ta taɓa haihuwa ba, da wata saniya da ta shekara 2 rabonta da haihuwa. Ƙanena ya dage mu sayar da tsofaffin mu sayo ruwa-biyu. Wa zan bi, malaman taro ko ƙanena?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ji ƙan mahaifi, Ya sa albarka a abin da ya bari. Abin da na fahimta kana tambaya shi ne: in da gaske daɗewar saniya riba ce, me ya sa ku da shanunku ke tsufa a hannunku ba ku ganin ribar? Malaman da suka yi muku taro ba su faɗi ƙarya ba. Sai dai maganar tana da asali, kuma in ba a san inda ta fito ba, sai a ɗauke ta a baibai.

Daga manyan gonakin madara na Amurka da Turai ta fito. Can saniya ɗaya tana ba da lita 25 zuwa 30 a rana, wata ma ta wuce haka, amma yawanci ba ta wuce haihuwa 3 ake fitar da ita zuwa mayanka, alhali saniya tana iya kai shekara 20 a duniya. Abin da ke fitar da su kuwa sananne ne: rashin ɗaukar ciki, ciwon hantsa, da gurguncewa. Ga shi kuma saniya ba ta kai ganiyar madararta sai a haihuwa ta 3 zuwa ta 5. Wato sun yi shekara 2 suna ciyar da karsana ba ta kawo ko sisi, tana fara biyan bashin sai ta lalace. Wannan ya sa masanansu suka tashi haiƙan kan a riƙa kula da saniya ta daɗe.

Mu ciwonmu daban ne. Bunaji da Bokolo da Rahaji ba su lalacewa da wuri, suna da juriyar da shanun can ba su da ita. Abin da ke cin mu shi ne shekarun banza da ke cikin rayuwar saniya, shekarun da take ci tana sha, ba ciki ba tatsa. A kiwon gargajiya karsana kan kai shekara 4 ko 5 kafin haihuwar fari, sannan tsakanin haihuwa da haihuwa a yi wata 18 har zuwa 24.

Ka ɗauki shanu biyu mu yi lissafi. Ta farko ta haihu tana shekara 5, tana haihuwa duk bayan shekara 2, aka sayar da ita tana shekara 13. Haihuwarta 5 ke nan. Ta biyu ta haihu tana shekara 3 da rabi, tana haihuwa duk bayan wata 15, aka sayar da ita tana shekara 11. Haihuwarta 7. Ta farkon ta fi daɗewa da shekara 2 cur, ta fi cin harawa da dusa, amma ta biyun ta fi ta maruƙa 2 da zangon tatsa 2. Don haka in ka ji ana zancen daɗewar saniya, ka riƙa ƙirga haihuwa, ka bar ƙirga shekara. A wannan ma'auni tsohuwar da mahaifinka ya bar maka ita ce ta fi kowa biyanka a garken nan, masu cin ka kuwa su ne matasan nan biyu da ka ambata.

Bazara ce ke cinye haihuwa

A duk garken da na shiga aka yi mini kukan shanu ba su ɗaukar ciki, kafin in buɗe jakar magani haƙarƙarinsu nake fara kallo. In na iya ƙirga haƙarƙarin saniya daga nesa, ƙashin ƙugunta ya fito, gindin wutsiya ya rama ya yi rami, to na riga na san rabin amsar. Jikin saniya yana da tsarin rabon abinci. Numfashi da tafiya su ne kan gaba, sai nonon maraƙin da ke ƙasa, sabon ciki shi ne na ƙarshe. In abinci ya gaza, abin da jiki ke fara rufewa shi ne neman bijimi. Ba cuta ba ce, ba kuma sammu ba. Za ka iya yi mata allura goma, ba za ta nema ba sai ta murmure.

A ƙasarmu ruwa kan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Yuni. Da kaka shanu suna cikin daula, ga karan dawa da gero, ga harawa, ga kowar wake. Daga Fabrairu abin ya fara ja baya. Zuwa Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, abin da ya rage a fili busasshen kara ne da rana ta gama cinye amfaninsa. Saniyar da ta haihu a wannan tsakani tana zuba naman jikinta ne a cikin ƙwarya. Ruwan fari ya sauka, ta ci ɗanyar ciyawa da yunwa, zawo ya kama ta, wata har sai an taru an ɗaga ta. Sai wajen Agusta ta dawo hayyacinta ta nemi bijimi. Cikin saniya kuwa wata 9 ne da 'yan kwanaki, ka ga za ta sake haihuwa a ƙarshen wata bazarar. Haka abin ke ta zagayawa, in kuma damina ta wuce ba ta ɗauki ciki ba sai ta jira wata daminar, har shekara 2 ta shiga tsakanin haihuwa.

Hanyar karya wannan zagaye ba ta buƙatar ka ciyar da shanu 14 duka kamar na turke. Ba za ka iya ba, kuma ba dole ba ne. Ka ware masu tsohon ciki, da waɗanda suka haihu cikin wata 3 da suka wuce, da karsanan da ke tasowa. Su za a yi wa tanadi tun kaka, lokacin da harawa ke da araha. Harawar gyaɗa da ta wake a ɗaure a ɗora a rumfa ko kan bishiya inda rana da gara ba za su ci ta ba, wadda ta riƙe korenta ita ce mai amfani. Kara a daddatsa shi kafin a zuba, don wanda aka watsa da tsawonsa rabinsa tattakewa ake yi. Da yamma a ƙara musu dusa da ɗan ƙuli ko angurya. Ma'aunin da muke bi shi ne kilo 1 na irin wannan haɗi kan kowace lita 2 zuwa 2 da rabi da saniya ke bayarwa. 'Ya'yan gawo da ke zuba da rani abinci ne mai kyau ƙwarai, yara su tsinto a ajiye. Abu biyu dai a kiyaye: kada a ba ƙananan maruƙa angurya, kuma duk dusa ko ƙulin da ya yi fumfuna a zubar, don gubarsa tana bi ta cikin madara ta isa ga 'ya'yanka.

In kana iya samun bambaron shinkafa daga wajen Kura ko fadamun da ke kusa da ku, ana gyara shi da takin yuriya: kilo 4 a narka a ruwa a yayyafa wa kilo 100 na bambaro, a danne a rufe da leda ruf har mako 3, a buɗe ya sha iska kafin a bayar. Yana ƙara masa amfani sosai. Amma karon farko ka sa malamin gona ya tsaya a kai, domin yuriya in ta yi yawa ko saniya ta sha ruwanta kai tsaye, kisa take yi nan take.

Ruwa kuma mutane suna raina shi. Madara kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Saniya mai tatsa da bazara tana buƙatar jarka 2 zuwa 3 a yini, wadda ake kora wa rijiya sau ɗaya da tsakar rana ba ta samun haka. Sau da yawa ƙarin shayarwa ɗaya da yamma kaɗai yana ɗaga madara cikin mako guda. Sannan in ka ga saniya tana tauna ƙashi ko tsumma ko leda, jikinta na neman sinadarin da kanwa ba ta da shi, sai a sayo mata gishirin lasa na shagon magungunan dabbobi. Ledar nan ba abin wasa ba ce. Na sha tsayawa a mayanka a farke tumbin saniyar da aka yi ta yi wa allurar sammore ba ta tashi ba, a ciro dunƙulen leda da igiya wanda sai da hannu biyu ake ɗaga shi, ya murɗe ya yi tauri, ba inda abinci zai zauna. Mai ita ya kashe kuɗin magani a banza.

Daga ranar haihuwa ake gina saniya

Karsanar da ta kai shekara 5 ba haihuwa, yawanci tun tana maraƙa aka cuce ta. Cikin maraƙi yana karɓar garkuwar da ke cikin dakashi ne sosai a awa 6 na farko, bayan kwana ɗaya kuwa ƙofar ta rufe. Maraƙin da bai sha dakashi ya ƙoshi a wannan lokaci ba, shi ne mai zawo, shi ne mai tari, in ya rayu ma a tsumbure zai tashi. A tsoma cibiyarsa a aidin ranar da aka haife shi, a ba shi maganin tsutsa yana mako 2 zuwa 3, don akwai tsutsar da ke bin nonon uwa ta shige shi.

Sai maganar da ba a cika yi a taro ba, don matan ba su cika zuwa ba. A yawancin gidajen makiyaya nono na mata ne, da shi ake cefane, da shi ake sabulu da kayan ɗakin 'ya'ya. Yanzu da ake karɓar madara a biya kuɗi a hannu, jarabar tatse saniya ƙarƙaf ta ƙaru, a saki maraƙi daga dangwali ya tarar da hantsa fayau. Ban ga laifin matar da ke neman na cefane ba. Amma lita ɗaya da aka ƙwace wa maraƙa yau, ita ce shekara guda da za a ƙara jira kafin ta haihu. Ka zauna da iyalinka ku yi shawara, a bar wa maraƙi aƙalla kan nono ɗaya cikakke a watanni 3 na farko, kai kuma ka cike musu giɓin cefanen. In ƙungiyarku za ta sake kiran taro, ku nemi a gayyato masu tatsa da masu dafa madarar, don rabin abin da ake koyarwa a hannunsu yake.

Karsana ba shekara ke sa ta nemi bijimi ba, girman jiki ne. Sai ta kai wajen kashi 2 cikin 3 na nauyin uwarta. Bunajin da ta samu abinci tana iya kai wannan tun kafin ta cika shekara 3.

Cututtuka ba zan tsawaita a kansu ba, sai waɗanda ke yanke wa saniya haihuwa. Bakkale yana sa ɓari a wata na 6 zuwa na 8, mabiyiya ta maƙale, wani lokaci gwiwa ta kumbura. Yana yaɗuwa ta ɗan da aka ɓarar da ruwan haihuwa da sauran shanu ke lasa, yana kuma kama mutum ta ɗanyar madara, shi ya sa ake binne abin da aka ɓarar, ba a taɓa shi da hannu tsirara, madara kuma a dafa. Ciwon hanta yana samun shanun da ke kiwo a fadama, ya rame da su a hankali. Ciwon hantsa yana kashe kan nono, kuma kan nono ɗaya rubu'in madarar saniya ne har ƙarshen rayuwarta. Mai tatsa ya wanke hannu, ya fara tsirta madarar farko a kan wani abu baƙi ya duba ko da gudaji, mai ciwo a tatse ta a ƙarshe, a kuma riƙa cire kaska daga hantsa. Allurar rigakafin ciwon huhu da gwamnatin jiha kan yi, wadda cibiyar Vom ta jihar Filato ke sarrafa irinta, kada ta wuce ka.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne ɓarin da mu da kanmu muke jawowa. Maganin tsutsa na albendazol ba a ba saniya shi a kwana 45 na farkon ciki. Allurar deksametason kuwa, da masu tallan magani a kasuwa ke haɗawa da kowace allura don dabba ta yi saurin miƙewa, tana zubar da tsohon ciki. Kafin allura ta shiga jikin saniya, a tabbatar ko tana da ciki.

Zancen ƙanenka

Ƙanenka yana da hujja. Ruwa-biyu na Firiziyan da Bunaji, irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta daɗe tana aiki a kai, tana ba da madarar da Bunaji zalla ba za ta bayar ba ko an ciyar da ita yaya. Amma garken da bai iya riƙe Bunaji da bazara ba, ba zai iya riƙe ruwa-biyu ba. Ita ba ta jure doguwar tafiya, ba ta jure kaska da kirci, zafi yana hana ta ci, kuma in ta rame ta fi Bunaji saurin daina ɗaukar ciki. Irin waɗannan ne nake gani suna haihuwa 2 su mutu ko a sayar da su a wulaƙance, wato ciwon Turai ya zo har gida ke nan. Ga kuma haɗarin sayen saniya a kara: mai saniyar kirki ba ya rabuwa da ita haka kawai, kuma ta nan bakkale da huhu ke shiga garke.

Ni a ganina, in kuna son jinin waje, ku shigo da shi ta hanyar baye na allura a kan shanunku da kuka san tarihinsu, kamar yadda ake yi a cibiyar bayen shanu ta Kadawa da ke jihar Kano. A zaɓi manyan shanu da suka taɓa haihuwa, kada a sa wa ƙaramar karsana irin babban bijimi haihuwa ta gagare ta. Ku tsaya a rabi da rabi tukuna. Ku fara da 2, ku yi musu rumfa da ruwa a gida, ku ga yadda bazara ɗaya za ta wuce da su. Wannan hanya tana buƙatar ido, domin neman bijimi yana dawowa ne duk bayan kwana 21 ko kusa da haka, kuma a shanunmu gajere ne, sau da yawa cikin dare yake wucewa. A duba su da asuba da kuma bayan magariba. Wadda ta tsaya cak wasu na hawanta, ga yauƙi mai haske yana zuba, ita ce. In an gani da safe a yi mata da yamma, in da yamma ne a yi washegari da safe.

Shanun nan uku

Tsohuwar, buɗe bakinta za ka yi. Saniya tana da haƙora 8 a gaban muƙamuƙin ƙasa. In suna nan a jere, ba su zube ba, ba su cinye sun koma guntaye masu tazara ba, tana fita bazara da ƙafarta, kan nononta huɗu suna aiki, kuma tana komawa ciki cikin wata 5 ko 6 bayan haihuwa, to ka riƙe ta, da tsohuwar zuma ake magani. Fiye da haka ma, 'ya'yanta mata su ne za ka bari su gaje garken, don saniyar da ta haihu sau 7 a ƙasar nan ta nuna irin jinin da ke jure wurin. Ranar da haƙoran suka gaza, za ka ga tana tauna abinci yana zubowa, kashinta da dogayen zaren kara, tana ramewa ko ana ba ta. Na san nauyin rabuwa da abin da uba ya bari. Amma gara a turke ta wata 2 ko 3 bayan kaka ta yi kyan gani, a kai ta kasuwar Wudil ranar Juma'a da darajarta, da a jira Mayu ta kwanta a kira mahauci ya yi mata kuɗin fata.

Sauran biyun ba zan iya yanke musu hukunci daga nan ba, sai an sa hannu. Ka kira likitan dabbobi ya duba mahaifarsu ta dubura, aikin 'yan mintoci ne. Zai gaya maka ko akwai cikin da ba ku sani ba, ko ruɓa ce ta zauna a mahaifa tun haihuwar baya, ko kuwa komai lafiya yunwa ce kawai. In saniyar ta taɓa ɓari, a ɗebi jininta a gwada bakkale, in ya tabbata ba a riƙe ta, kuma mahauci za a sayar wa, ba wani makiyayi ba. Karsanar kuma ka tambayi mutanen gida ko tagwaye aka haife ta da namiji, don mafi yawan irin waɗannan ba su haihuwa har abada. Bijimin ma a dube shi, musamman in ya tsufa ko 'ya'yansa yake hawa. In likita bai sami komai ba, ka ba su abinci na musamman da gishirin lasa har zuwa tsakiyar damina tare da lafiyayyen bijimi. Wadda kaka ta zo ba ta da ciki, ka sayar da ita a lokacin, kuɗin ka sayi harawa da dusar da za su fitar da sauran daga bazara.

Kafin likitan ya zo, ka sami ƙaramin littafi, kowace saniya da shafinta da sunan da kuke kiranta, ko da ajami ne. Ka rubuta watan da ta haihu na ƙarshe, sau nawa ta haihu, ko ta taɓa ɓari, da maganin da aka yi mata kwanan nan. Tambayoyin da zai fara yi maka ke nan.